Rabin Na Kyanwa Ne

A Tarrabin, in ka ce Hedley Trewin, sai tsofaffi su yi ɗan jim kafin su gane wanda kake nufi. In kuwa ka ce Na Kyanwa, har waɗanda aka haifa bayan rasuwarsa za su nuna maka gidan: na farko in ka haye gadar katako, inda itatuwan turare biyu suke tsaye a bakin ƙofa. Mu mutanen garin muka laƙaba masa sunan nan, kuma ban faɗa don alfahari ba.

A gonar da gidan yake ciki aka haife shi, a 1891. Ubansa ne ya sare dajin da gatari, ya mutu ya bar masa kututture da zomaye da shanu ashirin da 'yan kai. Hedley dogo ne, mai manyan kunnuwa, magana kuwa sai ka ce sayenta yake yi. Ba ya shiga mashaya, ba ya zuwa sukuwa. A yaƙin duniya na farko ya je a ɗauke shi soja, likita ya dubi tafin ƙafarsa ya ce a shimfiɗe yake, ya koma gida wajen shanu. Don haka ba shi da lambar yabo da zai maƙala a ƙirji ranar tunawa da mazan jiya, ba shi da wani labarin ƙetare. Abin da yake da shi kawai shi ne in an ce “Hedley ne ya faɗa,” to magana ta ƙare.

Akwai wata doka da ya gada wajen uwarsa. Ƙanwarsa Lottie ta rasu tana wata bakwai, a wata bazara mai zafi, sanadiyyar madarar da ta lalace. Tun daga ranar uwar ta kafa doka a gidan: hannun da ya taɓa hantsa ba ya taɓa kuɗi. Ta ce kuɗi ya kwana a aljihun kowa, ya shiga bakin yara, ya faɗi a ƙasan mashaya, ba shi da abin da zai nema kusa da madara. Sai ta ɗora wani tsohon kofin shayi mai karyayyen hannu a kan ginshiƙin ƙofar gona. Wanda ya sayi madara ya jefa kuɗinsa a ciki, in yana da canji ya ɗauka da kansa. Uwar ta rasu, kofin ya zauna. Hedley ya auri Vida, suka haifi ɗa guda, Ross, kofin yana nan. Vida ce take juye shi bayan an gama wanke bokitai.

Yawancin madarar kirim ake cire mata, motar kamfanin man shanu ta zo ta kwashe. Amma kullum da yamma Hedley yana ware bokiti biyu saboda gidaje goma sha biyu na ƙarshen gari, waɗanda suke hayo gada da gwangwanayensu masu mariƙi. Yana da moɗar awo ta ƙarfe, moɗa ɗaya kwabo huɗu. In ya zuba maka abin da ka saya, sai ya sake tsoma moɗar ya ƙara maka gyara, ya ce, “Ga na kyanwa.”

Duk mai sayar da madara a yankinmu haka yake cewa, amma na sauran ɗigo ne. Na Hedley ya danganta da wanda yake riƙe da gwangwanin. Matar mai kanti takan sami cokali biyu. Misis Doolan kuwa, wadda gungume ya danne mijinta a injin katako ya bar ta da 'ya'ya biyar, nata yakan kai rabin moɗa, wani lokaci ya wuce. Ba ta taɓa kiwon kyanwa ba, kuma shi ya sani. Amma da ya ce mata sadaka ce da ba ta sake hayo gadar ba, shi ya sa shekara goma sha ɗaya suna wannan wasan, ita ta ce kyanwar ta gode, shi ya ce a gaishe ta.

“Baban Ross,” Vida takan ce masa in ta leƙa bokiti, “kyanwoyin Tarrabin sun fi mu ƙiba fa.”

“Ai suna kama ɓeraye,” in ji shi. Iyakar barkwancinsa ke nan, kuma ya yi shekara ashirin yana maimaita shi.

Da yaƙin duniya na biyu ya zo, Ross ya tafi, manyan 'ya'yan Misis Doolan biyu ma suka tafi. Aka fara raba shayi da sukari da tufafi ta hanyar kati, fetur ya yi wuya. A 1943 aka liƙa takarda a gidan waya cewa daga yau ba a sayar da moɗar madara sama da kwabo huɗu. Hedley ya karanta, ya gyaɗa kai, ya wuce. Dokar ta same shi inda yake tsaye tun tuni, me zai dame shi?

Ranar wata Talata a watan Yuli, ana yayyafi mai sanyin da yake shiga ƙashi, wani baƙo ya hayo gadar a ƙafa. Yana sanye da tsohuwar kwat, hularsa ta jiƙe, yana riƙe da sabon gwangwani. Daga baya aka gane ya ɓoye motarsa a bayan kwana. Sauran masu saye duk sun tafi, saura Hedley yana shirin komawa rumfa, don akwai saniyar da take naƙuda.

“Maigida, a taimaka mini da moɗa ɗaya,” in ji baƙon. “Mun sauka a gari ne, matata ba ta da lafiya, ga jariri.”

Hedley ya zuba masa moɗa ɗaya. Ya dubi takalman mutumin da suka sha ruwa, ya tuna Lottie, sai ya sake tsomawa ya cika gwangwanin har baki. “Ga na kyanwa. Kuɗi a kofi can.” Ya ɗauki bokitansa ya juya.

Ya ji ƙarar kuɗi a kofi, ya ji mutumin yana cewa daga baya, “Na sa. Ya yi?”

“Ya yi,” in ji Hedley, bai ko waiwayo ba. “Allah ya ba ta lafiya.”

Sisi mutumin ya jefa, wato kwabo shida, kuma bai ɗauki canji ba, alhali ga kwabbai nan a kofin. Sunansa Mista Latimer, ma'aikacin ofishin farashi ne daga birni, ba shi da mata a Tarrabin balle jariri. A wannan makon ya bi gonaki biyar. A wani wurin ya sami matar gida ita kaɗai ba canji, a wani ya sami kurma. Ni dai har yau in na tuna mutumin nan raina ɓaci yake yi. A birni ana sayar da man shanu da taya ta bayan gida, manyan mutane suna ƙiba, amma wanda aka turo ya kama ɓarayi sai ya zo inda ake barin kuɗi a kan ginshiƙi ba mai gadi.

Da sammaci ya zo, Hedley bai tsorata ba, mamaki ya yi. Barney Quill, direban motar kirim, abokinsa tun suna makaranta, shi ya fara gano bakin zaren. Ya ji a wajen ɗan sanda cewa an auna gwangwanin, an sami moɗa ɗaya da rabi cif.

“Kai, mutumina, Allah ya rufa maka asiri!” in ji Barney, yana dukan murfin tulun kirim. “Ɗaya da rabi a kwabo huɗu-huɗu nawa ke nan? Sisi! Ka shiga ka ce ɗaya da rabi ka sayar, ka fito ka sha shayinka.”

“Ai ɗaya na sayar.”

“Na ji. Amma ɗaya da rabi ya tafi da shi, ko ƙarya ne?”

“Rabin ba shi na yi.”

“Hedley, don Allah rana ɗaya ka aro wayo wajen jakin wani. Wa zai tambaye ka abin da ke zuciyarka?”

“Za su sa ni in dafa Littafi Mai Tsarki,” in ji Hedley.

Barney ya dube shi, ya tofar da yawu gefe, ya hau motarsa yana cewa wanda ya haifi ɗan cocin Methodist bai huta ba.

Alƙali yakan zo Tarrabin sau ɗaya a wata, ya zauna a ɗakin taron gari. Ranar an cika maƙil, don ba a taɓa gurfanar da manoma biyar a rana ɗaya ba. Hedley ya sa kwat ɗin aurensa. Mista Latimer ya karanta abin da ya rubuta: ya nemi moɗa ɗaya, ya biya sisi, ya tambaya ko ya yi, wanda ake ƙara ya ce ya yi. Duk gaskiya ne, ba kalma ɗaya ta ƙarya a ciki, abin da ya fi ƙona wa Hedley rai ke nan.

Alƙalin tsoho ne, ya gaji, kuma ina jin bai so abin ba. Ya duba takardar awo, ya cire tabarau, ya buɗe wa Hedley ƙofa da faɗinta.

“Mista Trewin, na ga an sami moɗa ɗaya da rabi a gwangwanin. Wato ɗaya da rabi ka sayar masa?”

Barney yana baya yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Vida ta matse jakarta. Hedley ya dubi hannunsa da ya sauke daga kan Littafi yanzu-yanzu.

“A'a, ranka ya daɗe. Ɗaya na sayar. Rabin na kyanwa ne.”

Ɗakin ya fashe da dariya. Mu da muka san abin da yake nufi, mu muka fi kowa dariya, don mun ji maganar bakin ƙofa ta shigo kotu da kwat. Lauyan gwamnati, yaron birni, ya miƙe yana murmushi.

“Mista Latimer ya zo da kyanwa ne?”

“A'a.”

“Ya ce maka yana da ita?”

“Ban tambaye shi ba. Haka muke cewa.”

“To rabin nan, sayarwa ka yi ko kyauta?”

“Kyauta.”

“Madalla. Saura moɗa ɗaya. Nawa aka samu a kofinka?”

“Matata ta ce sisi. Ni ban gani ba, ba na taɓa kuɗi in ina…”

“Ya tambaye ka ko ya yi?”

“Ya tambaya.”

“Ka ce me?”

Hedley ya ce, “Na ce ya yi.”

Alƙali ya mayar da tabaransa. Tarar fam ashirin, a buga sunansa a jarida, kuma a kafa allo a ƙofar gonarsa wata uku. Sauran huɗun ma haka aka yi musu kafin lokacin abincin rana.

Tarar ba ta dame shi ba, karsana biyu ya sayar. Allon ne. Ɗan sanda ya zo da kansa, yana ta ba da haƙuri, ya buga shi a jikin ginshiƙin da kofin yake kai. An rubuta da manyan baƙaƙe cewa an hukunta mai wannan gida saboda cin ƙazamar riba a lokacin yaƙi. Kullum sau biyu Hedley yake koro shanu ta gabansa.

A makon farko mutane sun zo kamar yadda suka saba, har suna cewa an zalunce shi. Amma rubutu yana da wani ƙarfi da baki ba shi da shi, musamman in kana ganinsa kullum. A mako na uku aka fara cewa ruwa ba ya tsami banza. Yara suka fara yi masa kukan kyanwa in ya shigo gari a keken doki. A coci aka ce ya ɗan huta da zagayawa da farantin baiko har ƙura ta lafa, kuma ƙurar ba ta taɓa lafawa ba. Gidaje goma sha biyu suka koma bakwai, suka koma huɗu.

A cikin watan nan waya ta zo wa Misis Doolan cewa an kashe babban ɗanta, Dermot, a fagen yaƙi a New Guinea. Hedley ya aika Vida da kek da kirim. Bayan kwana goma matar ta hayo gada da baƙaƙen kaya, gwangwani a hannu, ta tsaya gaban allon ta karanta shi tun daga sama har ƙasa, tana motsa leɓe. Hedley ya miƙa hannu zai karɓi gwangwanin, ba ta saki ba.

“Shekara goma sha ɗaya ina jefa kuɗi a kofin nan, Mista Trewin, ban taɓa tunanin komai ba. Yanzu tunani ya hana ni sakat.”

“Tunanin me, Misis Doolan?”

“An ce moɗar taka ma ba cikakkiya ba ce. An ce na kyanwan nan da kake ba mu, abin da ka rage ne kake mayar mana, mu kuma muna ta godiya kamar wawaye.”

Da ta mare shi da ya fi masa sauƙi.  Ta juya da gwangwaninta wayam. Ya san baƙin ciki ne yake magana da bakinta, ya san tana neman wanda za ta ɗora wa mutuwar ɗanta ne, amma sanin bai rage masa komai ba. Ranar ya zauna a kan kujerar tatsa ya yi kuka, kansa a jikin saniya.

Washegari ya ɗauki moɗar ya kai wa mai sayar da magani, ya ce a gwada ta da kwalbar awo a gaban mutane. Aka gwada, ta cika har ta ɗan haura. Mai magani ya rubuta masa shaida ya sa hannu. Hedley ya yi ta yawo da takardar a aljihu yana nuna wa duk wanda ya tsaya, har mutane suka fara tsallaka titi in sun hango shi. Suka ce mai gaskiya ba ya yawo da takarda.

Ross ya dawo a farkon 1946, ya rame, fatarsa ta yi rawaya saboda maganin zazzaɓi. Hedley ya gyara masa ɗaki, ya sayi shanu uku saboda shi. Sati biyu suna tatsa tare ba wanda ya ta da maganar, sai wata safiya yaron ya yi magana daga bayan saniya.

“Baba, ka san yadda na ji? An aiko wa wani ɗan yankinmu kek a naɗe da jaridar gida. Ya karanta wa kowa da ƙarfi. Shekara biyu, in na wuce sai in ji miyau. Har wanda na ɗauko a kafaɗa da harsashi a cinya ya yi mini.”

“Ban cuci kowa ba, Ross.”

“Na sani! Ai abin haushin ke nan. Me ya hana ka cewa ɗaya da rabi? Barney ya ce alƙali har roƙonka ya yi.”

“Da na yi ƙarya.”

“Ƙaryar da za ta sa a gane gaskiya. Yanzu fa? Ka faɗi gaskiya, duk duniya ta yarda da ƙarya.”

Hedley ya ci gaba da tatsa. Ya daɗe yana juya maganar nan a ransa bayan haka, shekaru. Kafin hunturu Ross ya tafi birni, wato Melbourne, ya kama aikin karɓar tikiti a jirgin titi mai jigilar mutane cikin gari. Yakan zo Kirsimeti, ba kowace ba.

A cikin manoman nan biyar akwai mai hali guda, Mista Harcourt, mai shanu ɗari. Shi ya ɗauki babban lauya ya ɗaukaka ƙara, lauyan kuma ya yi abin da ba wanda ya yi tun farko: ya karanta dokar har ƙarshe. Ashe madarar da aka sayar a cikin iyakar gari kawai ta shafa, iyakar Tarrabin kuwa gadar katako ce. Duk gonakin biyar a hayin gadar suke. Ko sule Hedley ya karɓa, ba laifin da ya yi. Aka wanke Harcourt. Sauran huɗun aka ce lokacin ɗaukaka ƙararsu ya wuce, sai dai su rubuta koke. Ɗaya ya rasu yana jira, ɗaya ya sayar da gona ya bar yankin, kurman nan kuwa har ya mutu bai gane abin da aka ce ya yi ba. Hedley ya yi ta rubutawa, Vida tana gyara masa baƙaƙe, har shekara biyar.

Amsa ta zo a 1949. Barney ne ya kawo ambulan daga gidan waya, ya tsaya a ji tare. Vida ta karanta: an soke hukuncin da aka yi wa H. Trewin, saboda an gano cewa wurin da cinikin ya faru yana wajen yankin da dokar ta shafa. Za a mayar masa da tararsa.

“Shi ke nan!” in ji Barney. “Gada ta cece ka, mutumina. Ka saya mata fenti.”

“Sake karantawa,” in ji Hedley.

Ta sake.

“Ina wurin da suka ce ban cuce shi ba?”

Vida ta juya takardar, bayanta fari ne.

Jaridar gida ta ba labarin layi huɗu a ƙarƙashin farashin aladu: manoma sun tsira saboda iyakar gari. A mashaya aka ce Na Kyanwa ya ci sa'a, da gonarsa ta matso taki ɗari uku da ya gane kurensa. Wato takardar da ya jira shekara shida ta zo ta tabbatar wa gari cewa ya yi, doka ce kawai ba ta kai gare shi ba.

Ya sa kwat ɗin auren nan ya hau jirgin ƙasa zuwa birni, tafiyarsa ta uku a rayuwa. Ya sami ofishin ana kwashe kaya, don an daina ƙayyade farashi. Wani akawu mai kirki ya ba shi kujera, ya saurare shi har ƙarshe, har ya duba shaidar mai magani da ta tsufa a ninke.

“Baba, ai an soke. Me kuma kake so?”

“A rubuta cewa moɗa ɗaya na sayar kwabo huɗu, rabi na ba shi kyauta, shi ya ƙi ɗaukar canjinsa.”

“Wannan kotu ce za ta faɗa.”

“To a mayar da ni kotu.”

“Ba za a iya ba. Ba shari'a kuma, an soke ta. Ba a sake sauraron abin da babu shi.”

“Mista Latimer fa? Shi ya sani.”

Akawun ya tambayi na kusa da shi. Aka ce ya bar aiki tun bayan yaƙi, wai yana sayar da injin wanki a wata jiha. Hedley ya yi godiya, ya sa hularsa. A tasha ya zauna awa uku yana jiran jirgi, gidan Ross bai fi tafiyar minti ashirin ba, bai je ba, don ba shi da abin da zai nuna masa.

Tun daga wannan tafiya ya daina nuna wa mutane takarda. Ya cire kofin daga kan ginshiƙi, Vida ta shuka wani ɗan fure a ciki. Madarar kwalba ta shigo gari, masu hayo gada suka zama biyu ko uku, su ma sai jefi-jefi.

Wata yamma a 1956 ya hango tsohuwa tana hayowa a hankali tana dafa ƙarfen gada, da wani gwangwani da ya gane tun daga nesa saboda lotsawar gefensa. Shekara goma sha uku Misis Doolan ba ta taka hayin nan ba. Ta iso tana haki, ta ce jikarta ce madarar kwalba ba ta karɓe ta ba. Sa'an nan ta dubi ginshiƙin, inda ramukan ƙusa huɗu suke har yanzu.

“Hedley,” ta ce, ba ta taɓa kiransa da sunansa ba sai ranar, “na faɗa maka wata magana a nan wurin. Ban kasance cikin hankalina ba. Madararka ce ta raya mini yara, na sani, kuma a lokacin ma na sani.”

Abin da ya yi shekara goma sha uku yana son ji ke nan. Ya saurara, ya jira ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa, bai ji komai ba sai gajiya.

“Nawa za a zuba?” ya ce.

“Moɗa ɗaya.”

“Vida!” ya ɗaga murya. “Zo ki tsaya.”

Vida ta fito tana goge hannu, ta tsaya gefe, idonta a ƙasa, don ta san aikinta. Haka yake yi da kowa tun dawowarsa daga birni, ba ya awo sai da shaida. Ya tsoma moɗar, ya ɗaga ta daidai idonsa, ya jira ta daina rawa, ya zuba. Ya ajiye ta. Ya miƙa tafin hannunsa, hannun da ya gama tatsa yanzu. Misis Doolan ta dubi hannun, ta dubi kan ginshiƙi, sa'an nan ta ɗora masa sule.

“Kwabo tara ne yanzu. Kin ba ni sule. Ga taro canjinki. Vida, kin gani?”

“Na gani,” in ji Vida.

Tsohuwar ta leƙa gwangwanin. Madarar ta tsaya nesa da baki, inda ba ta taɓa tsayawa ba. Ta yi ƙoƙarin murmushi, ta ɗan miƙo gwangwanin.

“Ba na kyanwa?”

Vida ta ce ta ga hannunsa ya motsa wajen moɗar, har yatsunsa sun taɓa mariƙin. Sai ya janye, ya sa hannun a aljihu.

“Moɗa ɗaya kika ce, Misis Doolan.”

Ta tsaya kaɗan, ta rufe gwangwaninta, ta kama hanya. Ya bi ta da ido har ta haye gadar. A bokitin akwai sauran madara fiye da rabi, kuma ba wanda zai sake zuwa ranar. Ya ɗauka ya zagaya baya ya juye wa aladu.

Ya rasu bayan shekara biyu, a rumfar tatsa, da safe. Jarida ta ce dattijo ne mai son zaman lafiya, wanda aka fi sani da Na Kyanwa.